Yadda Na Kai Gimbiya Gidan Miji a Sabon Gari

Tun ranar da aka gan ni a bakin titin Samaru da kwando a ka da ƙunshin kayan kwana a hammata, ban sake samun sakat a wurin matan zumuntar cocinmu ba. Duk ranar taro sai wata ta ja ni gefe tana tambaya ko da gaske na kwana a Sabon Gari, me na ci, a ina na yi wanka. Har Maman Talatu da ta san Legas kamar tafin hannunta ta ce tafiyata ta fi tata ban mamaki, don ita an san ƙafarta da ƙaiƙayi, ni kuwa tun da aka kawo ni Samaru ina amarya ban taɓa kwana a ƙarƙashin rufin wani ba, in ban da asibiti. Na yi ta ce muku ku bari sai na ga ƙarshen abin. To yanzu na gani. Ga shi na rubuta da ɗan karatuna na firamare, wadda ta ga kuskure ta gyara a zuciyarta.

Sai na fara da dalili, don ba haka kawai mutum irina ke barin murhunsa ba.

Kun san zomayena. Yayata Ladi ce ta ba ni mace da namiji kafin ta rasu, ta ce in riƙe su ko don in riƙa tunawa da ita. Duk zomon da ya taɓa zama a kejin bayan ɗakina daga waɗannan biyun ya fito. Na farkon manya ne, sai an sa hannu biyu ake ɗaukarsu. Amma shekara na bin shekara, 'ya'ya suna ƙanƙancewa, jikoki suna ƙara ƙanƙancewa, har muka kai inda zomo zai girma ya tsufa bai wuce tafin hannun maigidana, Baban Yohanna, ba. Babu abin da ban ba su ba. Dusa, harawa, ganyen dankali, ɓawon ayaba, har ƙanzo nake jiƙa musu. Suna ci kamar fara, amma ban san inda abincin yake zuwa ba.

A bikin godiya na bara abin ya kai maƙura. Dattijon da ke ɗaga kayan baiko, wato abin da kowa ya kawo wa Allah na godiya, a gaban coci ya sa hannu a kwandona, ya ɗaga zomon sama, ya gyara tabarau, ya tambaya da zuciya ɗaya wa ya kawo gafiya. Da yawanku kuna wurin, kuma na ga waɗanda suka yi dariya, na dai yafe.

Baban Yohanna yana layin gaba a ranar. Ku da kuka san maigidana kun san ba ya son a yi dariyar ƙaramin abu a kusa da shi. Allah bai ba shi tsawo ba, kuma abin yana ci masa rai tun yana saurayi, shi ya sa ba ya fita sai da doguwar hular nan tasa. Ga ɗanmu Yohanna kuma sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗaki, har abokan uban suna tsokanarsa wai ko a asibiti aka yi mana musanya. Da muka koma gida maigidan ya ce mini ya ba ni zuwa bikin godiya mai zuwa. In ban fitar da zomon da za a ɗaga da hannu biyu ba, zai ɓalle kejin ya zuba talo-talo, don talo-talo ko daga bayan coci aka hango shi an san mutum ya kawo abu. Ya faɗa a hankali, ba faɗa, kuma in ya yi magana a hankali ba ya janyewa.

Wadda ta gano ciwon ita ce Mama Ngozi. Ƙawata ce 'yar ƙabilar Ibo, gado da gado muka haihu a asibiti, ni Yohanna, ita Ngozi, tun daga nan take zuwa gidana, ni kuwa ban taɓa rama mata ba. Ta zo wata Asabar ta tsuguna gaban kejin ta fara tambayata kamar mai binciken aure. Wane ne uban wannan? Na nuna. Uwarsa fa? Na nuna. To ita uwar wane ne ubanta? Na sake nuna na farkon. Ta ɗora hannu a ka. Ta ce a garinsu ko kaji ba a bari su yi irin wannan zumunci. Kowa kawun kowa ne, kowa kakan kowa ne, jini ɗaya yana ta zagaye a keji ɗaya har ya gaji. Ta ce maigidanta yana da wani namijin zomo irin na Turawa, sunansa Ciyaman, in na kawo mace guda a haɗa su, zan ga abin da ake kira zomo. Na ce ta aiko mini shi. Ta ce Ciyaman ba ya zuwa gidan kowa.

Haka na zaɓi Gimbiya, wadda ta fi sauran ɗan kumari, na shimfiɗa mata harawa a kwando, na ɗaure bakin da tsohon gidan sauro. Na ƙulla ƙuli-ƙuli da daddawa na tsaraba. Na bar wa Baban Yohanna miya a tukunya da bayanin inda komai yake, har inda ludayi yake, ya ce Sabon Gari fa zan je, ba Urushalima ba.

Lokacin bazara ne, rana tun da hantsi ta fara gasa mutum. Bas ɗin da na samu irin wanda ake riƙe ƙofarsa da igiya ne. Aka cusa ni tsakanin wata mai sayar da latas da wani dattijo mai farin gashi, bayanmu ɗalibai 'yan mata suna magana rabi Hausa rabi Turanci, kamar mai cin tuwo da burodi. Ɗaya ta leƙa kwandon ta ce wai zomon kyut ne. Ban san ma'anarsa ba, amma daga muryarta na gane ƙarami take nufi, sai na kau da kai.

Dattijon ne ya tambaye ni inda za mu. Ashe a gonar gwaji ta jami'a yake aiki, wajen dabbobi. Na kwashe labari tun daga kan yaya Ladi na ba shi, har muka wuce Palladan ban kai bikin godiya ba. Ya saurara bai katse ni ba, Allah ya saka masa. Da na gama lissafa masa abincin da nake ba su, ya yi murmushi ya ce wata magana da har yau take kunnena.

"Mama, abinci cika buhu yake yi. Jini ne ke ɗinka buhun. In an ɗinka shi ƙarami, ko rumbu kika juye masa ba zai ɗauki fiye da cikinsa ba."

Ya ce kowane ɗa yana ɗibar rabonsa daga uwa da uba kamar wanda aka rufe wa ido aka ce ya ɗebi hatsi daga rumbu biyu, shi ya sa 'yan ciki ɗaya ba sa zama daidai. In kuwa rumbunan biyu duk hatsi ɗaya ne a ciki, har da tsakuwarsa, to tsakuwar ce za ta yi ta taruwa. Ina cikin jinjina wannan magana mai latas ta sunkuya ta duba buhunta da ke ƙarƙashin kujera. Gimbiya ta huda gidan sauron, ta zura kai, ta yi wa latas ɗin aski har ƙeya. Matar ta fara sababi, ni ina ba da haƙuri, dattijon kuma ya ce ga shaida nan, matsalar ba ta cin abinci ba ce. Da rabin ƙuli-ƙulin tsarabata na kashe wutar.

Masu zuwa Nijar suna ba da labarin iyaka, inda ake sauke mutum a bincike shi. To mu ma muna da tamu, Kwangila ce. A ƙarƙashin gadar saman da ke wurin direba ya kashe mota ya ce nan ya tsaya, kowa ya sauka a juye shi a wata. Kafin ƙafata ta taɓa ƙasa 'yan kamasho sun kewaye ni, wannan ya ja ƙunshina, wancan ya ja zanena. Daga nan ma harshe ya fara canzawa. A Samaru ana ce mini Mama, a nan na koma Madam. Sai gardama ta tashi tsakanin kwandastan sabuwar motar da wani ɗan kamasho a kan ko Gimbiya kaya ce a sa ta a but, ko fasinja ce. Na ce ba za ta shiga but ba, ga jarkar fetur a ciki. Suka tambayi inda zan kai ta, ni kuma ban iya gajeren bayani ba. Da kwandastan ya fahimta sai ya buga jikin mota ya sanar wa duk tashar cewa amarya ce za a kai ɗakin miji, a ba su gidan gaba. Wata mai sayar da ruwan leda ta rangaɗa guɗa. Haka muka ratsa Hanwa, ni da Gimbiya kusa da direba, yana yi mana hon a kowace kwana.

A PZ na sauka, kuma a nan na hau acaɓa karo na farko a rayuwata. Na zauna a karkace kamar yadda mutunci ya tanada, kwando a cinya, hannu ɗaya a kan kwando, ɗayan a wuyan rigar ɗan acaɓan. Da muka hau layin dogo, ni da kwando da ƙunshi duk muka tashi sama muka dawo, ba a tare ba. Ya ce in sassauta masa wuya in ina so mu isa da rai. Ban sassauta ba.

Gidan su Mama Ngozi dogon gida ne, ɗakuna suna kallon juna, kowace ƙofa da murhunta da bokitinta da rediyonta, kowace rediyo da yarenta. Maigidanta, Oga Kiletus, mai sayar da kayan gyaran mota, ya tarbe ni da singileti da tawul a wuya. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya ce ba za a ga ango ba sai an yi abin da al'ada ta ce, tunda na zo da maganar aure.

Aka kawo goro a faranti. Mu a nan in an ba ka goro, ka ɓare ka jefa a baki, magana ta ƙare. Su kuwa sai da aka zagaya da farantin kowa ya taɓa, aka mayar wa maigida, ya ɗaga goron sama ya yi masa jawabi da yarensu, dogon jawabi, ana amsawa. Na ji sunana a ciki, na ji na Gimbiya, na ji na Ciyaman. Goron nasu ma ba ɓari biyu yake rabuwa kamar namu ba, huɗu ya rabu, kuma wai hakan alheri ne. Sannan ana dangwala shi a wani tunkuzan gyaɗa mai barkono. Na dangwala da yawa don kada a ce na raina. Hawayen da na yi, Oga Kiletus ya ɗauka na rabuwa da 'ya ne, ya ce in kwantar da hankalina, gidan mutunci ta zo.

Sai aka kai ni bayan gida wurin kejin.

'Yan'uwa, na ga zomo. Fari fat, ido ja kamar gauta, kunne kamar ganyen masara, jiki kuwa in ka hango shi daga nesa sai ka ce ɗan akuya ne ya kwanta. An lulluɓe kejinsa da jiƙaƙƙen buhu, an jingina masa kwalbar ruwan sanyi yana kwance a jikinta. Na tsaya ina kallonsa ina ganin fuskar dattijon cocinmu a ranar da zai ɗaga ɗan wannan.

Oga Kiletus ya bayyana mini ƙa'idar. Mace ake kai wa namiji, ba a kai namiji wurin mace. In ka sa shi a kejinta, ɗakinta ne, za ta yi masa dukan kawo wuƙa ta tsige masa gashi. In ita ce baƙuwa sai ta yi ladabi. Mama Ngozi ta ce ba zomaye kaɗai ba. Aka buɗe, aka sa Gimbiya. Ta tsaya a lungu tana motsa hanci. Ciyaman ya buɗe ido ɗaya, ya dube ta, ya mayar ya rufe.

Muka jira. Maƙwabta suka fara taruwa. Oga Kiletus ya yi gyaran murya ya ce zafi ne, irin su Ciyaman asalinsu ƙasar sanyi ne, in bazara ta yi tsanani ko abinci da kyar suke ci, balle wata hidima. Sai da sanyin safiya. Nan ne na gane kwana ya kama ni, duk da na zo da kayan kwanan ne kawai don kada a ce ban shirya ba.

Abincin yamma akpu ne da miyar ogbono. Akpu rogo ne da aka jiƙa har ya yi tsami, warinsa yana riga shi shigowa ɗaki. Miyar kuwa, ku da kuke yabon yauƙin kuɓewa ba ku ga komai ba. Na ɗebo loma daga kwano, na kai baki, miyar ba ta rabu da kwanon ba. Na ɗaga hannu sama, ta biyo ni. Mama Ngozi ta nuna mini yadda ake murɗa hannu a yanke ta, na murɗa, ta naɗe mini a wuyan hannu kamar warwaro. A ciki akwai wani busasshen kifi da suke ji da shi, na ɗauka guntun itace ne ya faɗa daga murhu, na ajiye shi gefe cikin sirri don kada in kunyata ta. Ta gani ta mayar mini, ta ce ai shi ne na babban baƙo. Amma gaskiya ɗaya ce, da na saba da shi na cinye, har na karɓi ƙari.

Aka kori Oga Kiletus zuwa falo, ni da ƙawata muka raba gado kamar yadda muka yi maƙwabtaka a asibiti. Ban yi wani barcin kirki ba, ina ta tunanin ko Baban Yohanna ya gano ludayin. Da gari ya waye na tarar da wata al'adar. Banɗaki ɗaya ne a gidan, kuma ba mutane ke layi ba, bokitai ne. Kowa ya ajiye nasa ya koma harkarsa, bokiti na matsawa da kansa, kowa ya san na wanda ke gabansa. Ni da ban sani ba na ga ƙofa a buɗe na shige. Na fito na tarar da wani tela da tawul a ƙugu yana kallona, sai ya dubi bokitinsa kamar shi aka yi wa laifin.

Da sanyin safiyar aka sake kai Gimbiya. Wannan karon Ciyaman ya tashi, har maƙwabta suka matso. Ya taka a hankali ya nufe ta, ya wuce ta, ya cinye ganyen dankalin da na sa mata, sannan ya dawo ya kwanta ya ɗora haɓarsa a bayanta kamar matashi. Oga Kiletus ya yi masa magana da Hausa, ya yi masa da yarensu, ya yi masa da Turancin kasuwa. Ya yage kwali yana yi masa fifita. Telan nan, da ya riga ya yi wankansa, ya ce ai duk ciyaman haka suke, sai an zo aiki su ce suna mitin.

Kunya ta kama Oga Kiletus. Ya ce a fitar da Gimbiya tukuna kada nauyi ya karya ta, zai je ya samo ƙanƙara. Ya buɗe wani keji na ƙasa da ya ga babu kowa, ya sa ta, ya juya. Ashe akwai kowa. A cikin akwatin da ke lungu wani ɗan siririn zomo ne mai ruwan ƙasa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wanda suke kira Kwandasta don kullum yana maƙale a ƙofar keji. Ban gama buɗe baki in ce akwai wani a ciki ba, Kwandasta ya riga ya gama gaisuwa da duk abin da ke bayan gaisuwa. Sai ya yi wata 'yar ƙara, ya faɗi ta gefe, ƙafafu a sama.

Na ce shi ke nan, ya mutu, na zo gidan mutane na yi kisa. Mama Ngozi ta zauna a ƙasa don dariya. Oga Kiletus ya dawo da gudu, ya duba, ya cire tawul daga wuya ya share fuska.

"Madam, ba mutuwa ya yi ba. Haka suke yi in abu ya yiwu. An ɗaura."

Kwandasta ya miƙe ya karkaɗe jiki ya koma ƙofa ya maƙale.

Ni ban yi dariya ba. Na zauna a kan wani bulo na ji ƙwalla tana zuwa, ta gaske wannan karon, ba ta barkono ba. Na tsallake Kwangila, na hau acaɓa, na ci itace a miya, don in samo jinin giwa, ga shi zan koma da na ɓera. Ina ganin talo-talo suna yawo a inda yaya Ladi ta tsuguna ta sa mini zomayen farko.

Oga Kiletus ya jawo bulo ya zauna kusa da ni. Ya ce in dubi Kwandasta da kyau. Shi da Ciyaman uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya, rana ɗaya aka haife su. Uban fari ne ƙato, uwar 'yar gida ce mai ruwan ƙasa. Ciyaman ya ɗebo girman da farin da rashin jure zafi, Kwandasta ya ɗebo launin uwar da zafin nama, kuma tun suna jarirai manyan ke ture shi daga nono. Ya ce ba zai rantse mini ba, amma abin da bai fito a jikin zomo ba yana iya kwanciya a jininsa ya jira 'ya'ya. Kuma ko ba komai, Kwandasta ba kawun Gimbiya ba ne, ba kakanta ba ne. Ya ƙara da cewa na ma yi sa'a, don ya riga ya yi niyyar farfesunsa in surukansa sun zo daga gida.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a Kwangila kwandastan jiya ya gane mu ya tambayi yadda amarya ta kwana. Na ce ya tambayi ɗan'uwansa.

Na faɗa wa Baban Yohanna komai tun kafin in kwance ɗankwali. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Washegari na gan shi a bayan ɗaki da igiya yana auna inda talo-talo za su sha iska.

Bayan wata guda Gimbiya ta tsige gashin ƙirjinta ta yi sheƙa ta haihu. Da farko duk ɗaya suke, jajaye, tsirara, kamar 'ya'yan ɓera, maigida ya leƙa ya ce ai ga shi nan. Amma da suka yi gashi suka fara cin ganye sai abin ya rabu. Keji ɗaya, dusa ɗaya, nono ɗaya, hannuna ɗaya, amma wasu suna cika kamar ana hura su. Kafin damina ta yi nisa biyu farare sun wuce uwarsu, wani mai ruwan ƙasa ya wuce su duka, kuma shi zafi bai dame shi ba. Wasu suka tsaya tsaka-tsaki. Guda ɗaya kuwa ya tsaya ɗan mitsitsi da kunne a kwance, yana maƙale a ƙofa. Na tuna dattijon bas da rumbunansa biyu.

Baban Yohanna ya daina zancen talo-talo, amma bai ce ya fasa ba. Sai dai kullum da safe in same shi tsaye gaban kejin, hannu a baya.

Ana nan Yohanna ya zo hutu daga Kaduna. Ya sunkuya ya fito ta ƙofar baya ya tsaya kusa da ubansa, kan uban da hula da komai bai kai kafaɗarsa ba. Ya ɗaga babban mai ruwan ƙasan da hannu biyu ya tambaya wane irin ƙato ne ya haifi wannan. Na ce ubansa bai kai rabinsa ba, na maimaita abin da Oga Kiletus ya ce, cewa abin da bai fito a jiki ba yana kwanciya a jini ya jira 'ya'ya. Ban faɗa da wata manufa ba, Allah ya sani.

Baban Yohanna ya ɗaga kai ya dubi ɗansa tun daga ƙasa har sama. Ya daɗe. Sannan ya ce kakansa na wajen uba, wanda ake kira Dogo, sai da aka sake masa ƙofar bukka sau biyu. Ya ce ai ya sha faɗa wa mutane ba sa ji. Sai ya juyo gare ni.

"Shi wannan Kwandastan, kin ce yanka shi za su yi?"

Na ce in surukai sun zo. Ya tambaya yaushe za su zo. Na ce ban sani ba.

Washegari tun ban gama dama koko ba na neme shi na rasa. Wajen azahar sai ga acaɓa a ƙofar gida, maigidana a baya ya rungume kwali mai huji-huji. Mama Ngozi ta gaya mini daga baya cewa surukan sun riga sun iso, har ta niƙa barkono, sai ga wani ɗan gajeren mutum da doguwar hula yana haki yana tambayar gidan su Kwandasta.

A bikin godiyar bana kun ga abin da ya faru. Ba ni na ɗauki kwandon ba, maigida ne ya ɗauka. Dattijonmu ya sa hannu ɗaya, ya ji nauyi, ya ƙara na biyu. Da ya tambaya wa ya kawo wannan, Baban Yohanna ya miƙe a layin gaba ya ce shi ne, kuma yana so jama'a su sani uban zomon nan ɗan ƙarami ne ƙwarai. Ya faɗa yana kallon layin abokansa, sannan ya zauna.

Kejin yaya Ladi yana nan, har an ƙara masa ɗaki. Igiyar awon talo-talo ni nake shanya a kanta. Na raba 'ya'yan Kwandasta mata da ubansu, don ba zan sake barin kowa ya zama kawun kowa ba, kuma ina neman wadda za mu yi musanyar namiji da ita. Wadda zomayenta suka fara ƙanƙancewa a cikinku ta kawo macen gidanmu, ba sai ta tsallake Kwangila ba. Ku zo da sanyin safiya. Za ku tarar da Baban Yohanna a kan kujera gaban kejin yana ba Kwandasta ganyen dankali da hannunsa, kansa a buɗe, doguwar hular tana rataye a ƙusa.